Ƙauyukan Sararin Samaniya: Tarihin Binciken Taurari Masu Dusashen Haske

A shekarar 1835, wani fitaccen masanin falsafa ɗan ƙasar Faransa mai suna Auguste Comte yana neman misalin abin da ɗan Adam ba zai taɓa sani ba komai daɗewar duniya, sai ya ɗauki taurari. A ganinsa za a iya auna nisansu da girmansu da yadda suke tafiya, amma abin da aka gina jikinsu da shi ya fi ƙarfin bincike, tunda babu mai zuwa can ya gutsuro ya kawo a duba. A wancan lokaci maganar ta yi kama da gaskiyar da ba ta buƙatar musu. Comte ya rasu a 1857. Shekara biyu kacal bayan rasuwarsa aka samo mabuɗin da ya ce babu shi.

Yau masana suna faɗin shekarun tauraro da yawan ƙarfen da ke jikinsa, har ma ga taurarin da ke cikin wasu tarin taurari masu raunin haske, waɗanda shekara 30 da suka wuce ba a ma san da zamansu ba. Abin da ya fi jan hankali a wannan tarihi shi ne inda amsoshi mafi daraja suka fito. An daɗe ana rubuta tarihin sararin samaniya daga manyan wurare masu walƙiya, sai daga baya aka gane cewa babin farko na tarihin yana ajiye a wuraren da suka fi kowa talauci da dusashewa.

Kafin mu shiga, bari mu daidaita kalma ɗaya. Taurari ba a warwatse suke ko ta ina ba, a tattare suke rukuni-rukuni, kuma kowane babban rukuni shi ake kira galaksi. A nan zan riƙa kiransa birnin taurari. Ranarmu tauraro ɗaya ce a cikin wani birni mai taurari sama da biliyan 100. Farin layin nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu wata, wanda Turawa ke kira Milky Way, shi ne birnin namu kamar yadda muke hango shi daga ciki. Akwai birane irinsa bila adadin, akwai kuma ƙanana da masu raunin haske, waɗanda su ne ƙauyukan da wannan rubutu ya nufa.

Yadda haske ke tona asirin tauraro

Labarin ya faro ne daga wani maƙerin gilashi a Jamus, Joseph Fraunhofer. A 1814 ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya baje launi-launi kamar bakan gizo, sai ya lura da wasu siraran baƙaƙen layuka a cikin launukan. Ya ƙirga fiye da 500, amma har ya bar duniya bai san ma'anarsu ba. A 1859, a garin Heidelberg, Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka warware sirrin: kowane sinadari yana da nasa layukan, a nasa gurbin, ba ya musanya da kowa. Kamar dai tsagar gado ce a fuska, wanda ya san ta yana gani zai faɗi gidan da mutum ya fito. Ƙarfe yana da tasa tsagar, haidirojin yana da tasa. Da wannan dabara aka ga alamar sinadarin hiliyom a hasken rana a 1868, shekara 27 kafin a same shi a doron ƙasa.

Sanin sunayen sinadaran abu ɗaya ne, sanin yawansu kuma wani abu ne daban. Har zuwa farkon ƙarni na 20 masana sun ɗauka cewa rana da ƙasa kusan kayan gini ɗaya ne. Wata matashiya 'yar Ingila, Cecilia Payne, ita ce ta rushe wannan zato a kundin digirinta na uku a Harvard a 1925, tana da shekara 25. Lissafinta ya nuna cewa taurari kusan gaba ɗayansu haidirojin ne da hiliyom. Babban malamin fannin a lokacin, Henry Norris Russell, ya ga abin ya yi nisa da hankali, ya sa ta sassauta maganar. A 1929 shi da kansa ya isa ga sakamako iri ɗaya ta wata hanyar. Yau an san cewa kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin rana haidirojin ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu hiliyom, sauran sinadarai duka a haɗe ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Wannan ɗan guntun ragowa shi ne takardar tarihin da masana ke karantawa.

Agogo biyu

Ta yaya ɗan wannan ragowa ya zama agogo? Mataki na farko ya zo ne a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Walter Baade Bajamushe ne da ke aiki a tashar hangen taurari ta Mount Wilson a Amurka. Da yaƙi ya ɓarke abokan aikinsa da dama suka tafi ayyukan soja, shi kuwa a matsayinsa na ɗan ƙasar abokan gaba aka taƙaita masa zirga-zirga. Sai ya samu babban madubin hangen nesa mai faɗin inci 100 kusan shi kaɗai, ga kuma birnin Los Angeles ana rage fitilunsa da dare don tsoron hari. Cikin wannan duhu ya iya rarrabe taurari ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar birnin Andromeda da wasu ƙananan maƙwabtansa biyu. A 1944 ya sanar cewa taurari jinsi biyu ne: shuɗaye masu ƙarfin haske, da jajaye da suka cika tsakiyar birane. Daga baya aka tabbatar cewa bambancin na shekaru ne.

Dalilin kuwa shi ne, babban tauraro gaggawar ci gare shi. Yana ƙone makamashinsa cikin 'yan miliyoyin shekaru, yana haske shuɗi, sannan ya tarwatse. Matsakaici irin rana yakan kai shekara biliyan 10, kuma ranarmu ta ci biliyan 4.6 daga ciki. Ƙananan jajaye kuwa sun fi kowa tsawon rai. Saboda haka idan aka duba wani rukuni aka tarar babu shuɗaye, an san manyan sun riga sun mutu kuma ba a haifi sababbi ba. Girman tauraro mafi girma da ya rage a raye shi ke faɗin shekarun rukunin. Wannan shi ne agogo na farko.

Agogo na biyu na sinadarai ne. A 1951 Joseph Chamberlain da Lawrence Aller suka nuna cewa akwai taurarin da ƙarfen jikinsu bai kai na rana ba ko kusa. A 1957 wasu masana huɗu, Margaret Burbidge da mijinta Geoffrey Burbidge da William Fowler da Fred Hoyle, suka fito da bayanin da ya haɗa komai. A farkon samuwar sararin samaniya, kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce, babu komai sai haidirojin da hiliyom da ɗan burbushin litiyom. Sauran sinadarai a cikin taurari aka ƙera su, tamkar maƙera. Tauraro ya mutu ya watsa abin da ya ƙera, abin ya gauraya da iskar gas, daga gas ɗin a haifi sababbin taurari masu ɗan ƙarin ƙarfe. Kowane zuri'a ta fi iyayenta arziki. Tauraron da aka tarar da ƙarfe kaɗan a jikinsa, daga gas ɗin da bai sha gauraye ba aka haife shi.

Beatrice Tinsley, wadda ta tashi a New Zealand ta kuma rasu a 1981 tana da shekara 40, ta ƙara wa wannan agogo kaifi. Sinadarai irin maganiziyom da oksijin suna fitowa ne daga fashewar manyan taurari, wato da wuri. Mafi yawan ƙarfe kuwa yana zuwa ne daga wata irin fashewar daban da ke jinkiri, wani lokaci har shekara biliyan ɗaya ko fiye. To idan aka ga maganiziyom ya rinjayi ƙarfe a jikin taurarin wani birni, an san birnin ya yi haihuwarsa cikin gaggawa ya tsaya tun kafin ƙarfen ya iso.

Ƙauyukan da ido ya tsallake

An samu agogo, amma duk a manyan birane ake gwada shi, domin su ake gani. Tun a shekarar 964 masanin taurari Abdurrahman al-Sufi, wanda ya yi aiki a Isfahan, ya rubuta cewa akwai wani ɗan gajimare a sama, wanda yanzu muka san shi ne Andromeda, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5. Sai a tsakiyar shekarun 1920 Edwin Hubble ya tabbatar cewa birni ne mai zaman kansa. Daga nan hankali ya koma ga birane masu kyan gani, masu hannuwa a murɗe kamar guguwa.

Alamar farko cewa akwai wani jinsi ta zo a 1938, lokacin da Harlow Shapley ya sanar da gano wasu abubuwa biyu, Sculptor da Fornax, a hotunan da aka ɗauka a tashar Boyden da ke Afirka ta Kudu. Haskensu ya yi rauni har sun yi kama da tabo a jikin faifan hoto, alhali maƙwabtanmu ne na kusa. Fritz Zwicky, ɗan Suwizalan da ke aiki a Amurka, wanda ya yi suna wajen saɓa wa jama'a, ya dage cewa irin waɗannan sun fi manyan yawa nesa ba kusa ba. Ba kowa ya saurare shi ba.

A 1970 Ken Freeman na Ostireliya ya lura cewa mafi yawan birane masu murɗaɗɗun hannuwa ƙarfin hasken tsakiyarsu kusan ɗaya ne, har wasu suka ɗauki abin a matsayin doka. A 1976 wani masani ɗan Birtaniya, Michael Disney, ya yi tambayar da ta girgiza fannin: shin dokar birane ce, ko dai iyakar ganinmu ce? Hujjarsa ita ce sama ba ta taɓa yin baƙi ƙirin. Ko a daji mafi duhu iskar da ke kewaye da duniya tana fitar da ɗan haske, ƙurar da ke tsakanin duniyoyi ma tana mayar da hasken rana. Duk birnin da haskensa ya gaza wannan sai ya nutse a ciki. Wanda ya taɓa neman tasha a gajeren zango ya san wannan matsala: tashar tana nan tana watsa shirinta, amma idan shuuu ɗin akwatin ya fi muryar ƙarfi, mai saurare zai rantse babu kowa a wurin.

Shaida ta biyo baya. A 1984 Allan Sandage da Bruno Binggeli suka ba da labarin wasu birane masu faɗi amma masu raunin haske a gungun birane na Virgo. Sannan David Malin, mai ɗaukar hoto a tashar hangen taurari ta Ostireliya, ya ƙirƙiro dabarar fito da raunanan alamu daga faifan hoto. Da ita aka gano wani birni da aka sa wa suna Malin 1, aka sanar a 1987. Da farko an zaci ƙaramin abu ne na kusa, ashe ƙato ne mai nisan sama da shekara biliyan ɗaya ta tafiyar haske, wanda faɗinsa ya ninka na birninmu sau da dama. Idan irin wannan ƙato zai iya ɓuya, ina ga ƙanana?

Sawun da ba a tattake ba

Ƙofa ta buɗe sosai bayan shekarar 2000, lokacin da aikin zana taswirar sama na Sloan ya fara daga jihar New Mexico da kyamarar zamani da kwamfuta. Maimakon neman haske da ido, sai aka sa kwamfuta ta ƙirga taurari ta nemo wuraren da suka ɗan fi cunkoso. A 2005 Beth Willman da abokan aikinta suka gano biyu, wasu suka biyo baya. Kafin wannan lokaci ƙananan biranen da aka sani suna kewaya birninmu ba su wuce goma sha kaɗan ba. Yanzu sun haura 50.

Ɗaya daga cikinsu, Segue 1, da ƙyar ma za a kira shi ƙauye, sai dai tunga. Taurarinsa kimanin 1,000 ne, kuma haskensu duka a haɗe bai wuce na rana 'yan ɗaruruwa ba. Amma a 2014 Anna Frebel da Joshua Simon da Evan Kirby suka auna manyan taurarinsa, suka tarar wasu daga cikinsu ƙarfen jikinsu bai kai kashi ɗaya cikin 3,000 na wanda ke jikin rana ba. Bugu da ƙari babu alamar ƙarfen nan mai zuwa a makare. Ma'ana Segue 1 ya haihu sau ɗaya a farkon zamani, ya daina, ya zauna yadda yake har yau.

A wannan shekarar dai, Thomas Brown da tawagarsa suka yi amfani da madubin Hubble da ke sararin samaniya suka auna shekarun taurari a irin waɗannan ƙauyuka guda shida. Sakamakon ya zo kusan iri ɗaya: kashi 80 cikin 100 na taurarinsu an haife su tun kimanin shekara biliyan 12.8 da suka wuce, kuma zuwa biliyan 11.6 haihuwa ta tsaya cak. Ƙauyuka shida da ke nesa da juna sun daina haihuwa kusan lokaci guda, dole akwai abin da ya same su tare. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, a cikin shekara biliyan ɗaya ta farko hasken taurarin farko ya ɗumama gas ɗin sararin samaniya baki ɗaya. Manyan birane suna da nauyin riƙe gas mai zafi, ƙananan kuwa nasu ya tsere, suka zama ba su da abin haihuwa.

A nan ne talaucinsu ya zama dukiya. A bakin kasuwa babu mai bin sawu, domin sawun giwa ya danne na raƙumi, dubu sun taka kan dubu. Haka babban birni yake: gas ɗinsa ya ratsa zuri'a bayan zuri'a har ba a iya rarrabe gudummawar kowa. A hanyar daji kuwa sawu ɗaya yakan kwana ya wuni yadda aka taka shi. Misali mafi kyau shi ne Reticulum II, wanda aka gano a 2015. Alexander Ji da Frebel da abokansu sun auna taurari tara mafi haske a cikinsa da madubin Magellan da ke ƙasar Chile, suka tarar bakwai cike da sinadarai masu nauyi irin yurofiyom, alhali sauran ƙauyuka irinsa kusan babu. Suka ce abu ɗaya ne ya faru sau ɗaya tak a can da daɗewa ya watsa waɗannan sinadarai, kuma mai yiwuwa karo ne tsakanin gawarwakin taurari biyu masu tsananin nauyi, waɗanda ake kira taurarin niyutiron. An buga wannan a 2016. Ranar 17 ga Agusta, 2017, na'urori a Amurka da Italiya suka kama girgizar irin wannan karo a wani birni daban, madubai suka juya suka ga alamar sinadarai masu nauyi a haskensa. Wannan hanyar ƙira ita ce ke samar da yuraniyom da mafi yawan zinari. Yuraniyom ɗin Arlit da zinarin Obuasi sun girmi duniyar da ake haƙo su a ciki, kuma wani ƙauyen sama da ido ba ya gani yana cikin waɗanda suka fara nuna irin maƙerar da suka fito.

Idon mazari

Duk waɗannan maƙwabta ne, ana iya ɗaukar taurarinsu ɗaya-ɗaya. Wani sabon babi ya buɗe da wata na'ura mai ban mamaki. Roberto Abraham na Jami'ar Toronto da Pieter van Dokkum na Jami'ar Yale sun lura cewa manyan madubai suna warwatsa ɗan haske a cikinsu, kuma wannan ɗan hasken ya isa ya rufe raunanan abubuwa. Sai suka sayi gilasan kyamara na kamfanin Canon, irin waɗanda masu ɗaukar hoton wasanni da namun daji ke amfani da su, suka ɗaure su wuri ɗaya suna kallon gefe guda. Suka sa wa na'urar suna Dragonfly, wato ƙwaron nan mazari mai tarin idanu. Da gilasai takwas kawai suka duba gungun birane na Coma, mai nisan tafiyar haske ta shekara sama da miliyan 300, gungun da Zwicky ya fara hango alamar wani ɓoyayyen abu mai nauyi a cikinsa tun 1933.

A 2015 suka sanar da birane 47 masu wata irin siffa: faɗinsu ya kusa na birninmu, amma taurarinsu ba su wuce kashi ɗaya cikin 100 na namu ba, wasu ma ƙasa da haka sosai. Ka ɗauka ganuwa ce mai faɗin ta babban birni, amma gidajen ciki na ƙaramin ƙauye ne, a warwatse. Cikin 'yan watanni wasu masana suka koma tsofaffin hotunan madubin Subaru na Japan suka ƙirgo 854 a wannan gungu kaɗai. Suna nan a cikin hotunan tun da farko, babu dai wanda ya nema. Wasu kuma suka tunatar cewa irinsu ne Sandage da Binggeli suka gani tun 1984.

Nan take gardama ta tashi. Wasu suka ce manyan birane ne da suka gaza: sun fara da tushen babban birni, amma aka raba su da gas ɗinsu tun suna jarirai. Wasu suka ce ƙanana ne na yau da kullum da suka kumbura, ko saboda saurin juyawa, ko saboda fashewar taurari ta yi ta tura kayan cikinsu waje, ko saboda jan manyan maƙwabta. Hoto kaɗai ba zai raba wannan gardama ba. Shekarun taurari da sinadaransu ne za su raba ta, domin wanda ya gaza tun farko dole taurarinsa su zama tsofaffi ƙwarai masu ƙarancin ƙarfe, wanda ya kumbura a hankali kuwa zai yi kama da sauran ƙanana.

Abin da awo ya nuna

Aikin yana da wuya. A irin wannan nisa ba a ganin tauraro ɗaya, sai hasken miliyoyi a cakuɗe, kuma hasken sama da kanta yakan fi nasu ƙarfi, wani lokaci ninki goma ko fiye. Akwai kuma wani tarko da Guy Worthey ya fayyace a 1994: tsufa yana sa rukunin taurari ya yi ja, yawan ƙarfe ma yana sa shi ya yi ja. Launi kaɗai ba zai bambance tsoho matalauci da matashi mai arziki ba, sai an baje hasken an karanta layukan nan na Fraunhofer. Domin a samu isasshen haske daga birni ɗaya, Dragonfly 44, sai da madubin Keck mai faɗin mita 10 da ke Hawai ya zuba masa ido fiye da sa'a 33 a cikin darare shida.

A 2018 sakamako ya fara fitowa daga tawagogi daban-daban. Meng Gu da abokan aikinta sun auna uku a gungun Coma suka samu shekaru tsakanin biliyan 8 zuwa 9, da ƙarfe kaɗan. Anna Ferré-Mateu da madubin Keck, da Tomás Ruiz-Lara da babban madubin tsibirin La Palma na Sifaniya, sun samu kimanin shekara biliyan 7 a waɗanda suka auna, da sinadarai irin na ƙananan birane na yau da kullum. Wannan ya ƙarfafa masu cewa kumbura ce. Amma Dragonfly 44 bai bi sahu ba: awon da ya biyo baya ya ba shi kimanin shekara biliyan 10, da ƙarfe kusan kashi ɗaya cikin 20 na rana, ga kuma dunƙulallun tarin tsofaffin taurari masu yawa a kewayensa. Wani kuma, DGSAT I, wanda aka fara ganowa da ƙaramin madubi irin na masu sha'awa, an tarar a 2019 cewa maganiziyom ɗinsa ya rinjayi ƙarfe fiye da yadda aka saba gani a ko'ina. A waje da gunguna kuma an samu wasu masu faɗi da raunin haske amma shuɗaye, cike da gas, suna haihuwa har yanzu.

A 2023 Ferré-Mateu da tawagarta suka haɗa awon birane 25 da suka daina haihuwa, kuma hoton da ya fito shi ne ɓangarorin biyu kowa yana da rabonsa na gaskiya. Wasu ƙanana ne da suka kumbura, sun ɗauki lokaci suna haihuwa. Wasu kuma sun haihu da wuri cikin gaggawa suka mutu, ƙarfensu ya gaza abin da ya kamaci girmansu. Kama ce ta haɗa su a suna ɗaya, asali kuwa kowa da nasa.

Abin da ke kan sikeli

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne ribar wannan wahala? Ban da asalin sinadarai, akwai batun ɓoyayyen abin nan na Zwicky, wanda lissafi ya nuna ya ninka duk abin da ake gani nauyi kusan sau biyar, amma har yau ba a san ko mene ne ba. Raunanan birane su ne wurin gwajinsa mafi tsauri. A 2016 an ce kashi 99.99 cikin 100 na nauyin Dragonfly 44 ɓoyayyen abu ne, awon baya ya rage adadin amma ya bar shi da rinjaye. A 2018 kuma tawagar van Dokkum ta ce wani birnin, NGC 1052-DF2, kusan ba shi da shi sam. An yi ta musu kan nisansa har sai da madubin Hubble ya auna a 2021 ya samu kimanin shekara miliyan 72 ta tafiyar haske, abin da ya goyi bayan iƙirarin farko. Taurarinsa kimanin shekara biliyan 9 gare su, kuma duk bayanin da za a kawo na yadda ya rasa ɓoyayyen abinsa dole ya dace da wannan adadi.

Aikin bai ƙare ba. Madubin Euclid na Turai ya tashi a Yulin 2023, tashar Vera Rubin da ke Chile kuma ta fitar da hotunanta na farko a Yunin 2025, da shirin duba sararin kudu na tsawon shekara 10. Ana sa ran za su tono raunanan birane masu ɗimbin yawa. Sai dai abin da aikin ya fi buƙata, wato duhu, shi ne ke ƙaranci: fitilun birane suna ƙaruwa, tauraron ɗan Adam kuma dubbai ne yanzu ke ratsa hotuna. Baade ya samu nasa duhun ne saboda yaƙi, masana na yau kuwa sai sun roƙa.

Daga Comte zuwa yau kimanin shekara 190 ke nan. A tsawon wannan lokaci, sau da dama masana sun ɗauki iyakar abin da na'urarsu ke gani a matsayin iyakar abin da ke akwai, kuma kowane karo wani ya zo ya duba inda aka tsallake. Da an tsaya ga Andromeda da ire-irensa, da ba a san lokacin da ƙananan birane suka daina haihuwa ba, da kuma ba a samu sawun karo ɗaya tak da ya faru fiye da shekara biliyan 10 da suka wuce ba. Marubutan tarihin ƙasa sun san wannan darasi: kundin fada yana da amfani, amma wanda ya tsaya gare shi kaɗai rabin labari ya ji.